Daga Sarkin Shanu Zuwa Likitan Dabbobi: Masu Riƙon Amanar Dabba a Ƙasar Gaya da Ajingi

Ƙasar Gaya, wadda ƙaramar hukumar Ajingi take cikinta ta fuskar sarauta, tana gabashin birnin Kano ne a kan iyaka da jihar Jigawa, kuma kogin da ya ratso Wudil yakan bi ta cikinta kafin ya nufi Ringim da Haɗeja, yana barin fadamu masu ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Wannan haɗuwa ta fadama da jigawa ita ta mai da yankin matattarar manomi da makiyayi tun da daɗewa, har ya zama da wuya a shiga gida a Toranke ko Balare ko Kunkurawa ba a tarar da akuya a turke, ko jaki a ƙofar gida, ko shanun huɗa a inuwa ba. Ƙidayar 2006 ta ba Ajingi mutum kimanin 174,000, waɗanda nomansu da sufurinsu da ajiyar dukiyarsu duk suna rataye da lafiyar dabba. Don haka ya dace a bi tarihin mutanen da aka ba ta cewa a kan dabba, a duba sana'ar da kowannensu ya fito daga cikinta, domin asalin shugaban a kowane zamani yakan nuna abin da hukuma take nema a jikin dabbar.

Mafi daɗewar sanin halin dabba a wannan ƙasa yana ruga. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, kuma a zamanin nan dai ya ambaci Agalfati, ɗan Sarkin Macina, da ya zama Sarkin Gaya. Shugaban kowane rukuni na makiyaya shi ake kira arɗo, kuma abin da yake kai mutum ga wannan matsayi shi ne gado, da girman garke, da haƙuri, da sanin burtali da mashaya, wato hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki da wurin da ake shayar da su. Makarantarsa ita ce dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jikinta safe da yamma, kowane a gurbinsa daidai da girmansa, inda yaro ɗan shekara shida yake fara sanin wace saniya ce uwar wane maraƙi, wacce ce mai harbi, wacce ce ba ta ba da nono sai ɗanta yana gabanta. Kafin ya balaga ya san sunan kowace a garken bisa launinta da tsarin ƙahonta, ya iya kiran da zai tashe su da wanda zai tsayar da su, kuma yana gane marar lafiya tun daga faɗuwar kunne da barin tuƙa, kwana guda ko biyu kafin baƙo ya ga alama. Daga wannan sani ne aka samu magunguna irin su sassaƙen maɗaci don tsutsar ciki, da kanwa don gyaran jiki, da lalas, wato ƙona wurin ciwo da jan ƙarfe. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne rigakafin ciwon huhu da Fulani suka sani tun kafin zuwan Turawa, inda ake yanko ɗan guntun huhun saniyar da cutar ta kashe a cusa shi ƙarƙashin fatar hancin mai lafiya, wurin ya kumbura ya warke ya bar tabo, dabbar kuma ta samu kariya.

A fada kuwa dabbar da aka fara damuwa da ita doki ne, saboda shi ne ƙarfin yaƙi. Tun zamanin Sarki Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi, rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki don kare shi daga kibiya, kuma manyan sarautu irin su Madaki da Sarkin Dawaki da Shamaki duk sunayensu daga doki da wurin ajiye shi suka samo asali. Masu riƙe da su mayaƙa ne ko amintattun bayin sarki, amma yankan ciyawa da kwasar kashi da kilisa, wato fitar da doki ya motsa jiki don kada zaman barga ya lalata shi, suna hannun yaran da tarihi bai riƙe sunayensu ba. Shanu ba su samu jami'i a fada ba sai a zamanin Sarki Kutumbi, daga 1623 zuwa 1648, wanda shi ne ya fara karɓar jangali, harajin da ake ɗora wa makiyaya a kan shanunsu. An rubuta cewa ya karɓi shanu 100 daga Jahunawa, waɗanda mazauninsu yake maƙwabtaka da Ajingi ta gabas, da wasu adadi daga sauran zuriyoyi, sannan ya naɗa bawansa Ibo ya zama Sarkin Shanu. Ke nan mutum na farko da ya ɗauki sunan shanu a sarautarsa a Kano ɗan fada ne da aka ɗora a kan dukiyar sarki, kuma wannan mafari ya daɗe yana bin dangantakar makiyayi da hukuma. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙi, amma ko bayan da jihadi ya kawo zuriyoyin Fulani kan mulki, har Joɓawa suka riƙi sarautar Makama da ƙasar Wudil, sunan jangali bai fita daga bakin mutane ba.

Haƙƙin dabba a kanta, ba don amfanin mai ita ba, a wajen malamai aka fi jin sa. A Muhtasar na Halil, wanda shi ne madogarar alƙalan ƙasar Hausa a fiƙihun Malikiyya, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar babu makiyayar da za ta ci da kanta, kuma in ya ƙi ana iya tilasta masa ya sayar da ita. Malamin ne yake karantar da cewa a wasa wuƙa kafin yanka, kada a ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne kuma yake lissafin zakka, maraƙi ɗaya a shanu 30, tunkiya ko akuya ɗaya a 40. Sai dai malami yakan faɗi hukunci ne, aiwatarwa tana kasuwa, a hannun Sarkin Pawa, shugaban mahauta, wanda yake da ikon hana yanka dabbar da bai yarda da lafiyarta ko asalinta ba, da kuma shugabannin kara, wato kasuwar dabbobi, da dillalansu. Su ma 'yan gado ne, kuma wanda ya tsaya a karar Wudil ranar Juma'a zai ga ragowar wannan ilimi a aikace: dillali ya buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora don sanin shekaru, ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya faɗi kimar naman da ke jikinsa ba tare da sikeli ba.

Abin da ya karya wannan tsari annoba ce. A 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta tashar Masawa da ke Eritiriya tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, ya ratso Sudan da yankin Tafkin Cadi, ya iso ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. Cuta ce mai zuwa da zazzaɓi da gyambon baki da zawo mai tsanani, kuma a wurare da yawa ta kashe tara cikin kowane shanu goma. An ce makiyaya sun laƙaba wa wannan shekara suna Sannu, saboda gaisuwar jaje da ta zama ita ce gaisuwar kowa. Maɗaci da lalas ba su yi komai ba, gudu da garke ma sai ya ƙara yaɗa ta. A Turai ma irin wannan annoba tana cikin dalilan da suka haifar da likitancin dabbobi, domin a 1761 aka kafa makarantarsa ta farko a birnin Liyon na Faransa, kuma wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, shugaban makarantar koyon hawan doki ne. Hanyar tausaya wa dabba kuwa daga wani tushe dabam ta fito, tunda ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da aka kafa a Landan a 1824 jagororinta su ne limamin coci Arthur Broome da 'yan majalisa irin su Richard Martin da William Wilberforce. Likita da mai wa'azi ke nan, kamar yadda ƙasar Kano take da arɗo da malami, kuma a cikin biyun likitan kaɗai Turawan mulki suka ɗauko da muhimmanci.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 sai da aka yi shekara goma kafin a buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, sannan a 1924 aka mayar da cibiyarsa Vom a tsaunin Jos, inda babu ƙudan tsando mai kawo sammore, aka fara sarrafa ruwan rigakafin bushiya. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris, ita ma saboda bushiya. Hanyar rigakafin ta farko mai wuya ce: ana yi wa saniya allurar ƙwayar cutar tare da ruwan da aka tace daga jinin wadda ta warke, a tsare garken a sansani na kwanaki har zazzaɓin ya wuce, kuma wasu sukan mutu a wurin. Makiyayin da aka ce ya kawo shanunsa sansani ya san cewa hukumar da take allura ita ce take ƙidayar jangali da damina, don haka ɓoye rabin garke a daji ya zama dabarar kare kai, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka kira wannan jahilci. Shugabannin sashen duk likitoci ne daga Ingila, waɗanda suka san ƙwayar cuta amma ba su jin Fulatanci, don haka dole aka nemi matsakaici. A 1934 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan dabbobi a Kano, a 1941 kuma aka buɗe ta Vom, daga nan ne aka samu sabon mutum a ƙauye da ake kira malamin dabbobi, ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya ta masarauta. Sau da yawa ɗan gari ne da ya yi boko, wanda bai taɓa kwana a ruga ba, yana zuwa a kan doki ko keke da akwatin allura, kuma aikinsa ba ya tafiya sai dagaci da arɗo sun tsaya masa.

Kusa da shi akwai malamin fata, wanda kasancewarsa ya nuna abin da kasuwar Turai take so. Fatar jar akuya ta Sakkwato da ta Kano ta daɗe da suna a duniya, har ana kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi zuwa Turai, shi ya sa aka sa ma'aikata suna bin mahauta suna koya musu fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya ta a kan katako cikin inuwa maimakon a ƙasa cikin rana. Daga ƙarshen shekarun 1920 kuma sashen gona ya fara yaɗa garmar shanu, abin da ya mai da manomi Bahaushe mai riƙon bijimai biyu, da sabon nauyin horar da su, da huda musu hanci, da lura da gyambon da karkiya take yi a wuya idan ba a sassaƙa ta daidai ba. A ƙasa mai yashi irin ta Ajingi wannan sana'a ta kama ƙwarai, kuma masu ita sun koyi halin sa ne daga maƙwabtansu Fulani da daga kuskurensu.

Da 'yancin kai ya matso, 'yan ƙasa suka fara hawa kujerun. An kafa majalisar da take yi wa likitocin dabbobi rajista bisa dokar 1952, kuma cikin 'yan Arewa na farko da suka samu wannan shaida akwai Dokta Bukar Shaib na Borno, wanda ya yi karatu a Vom da Liverpool, ya zama babban sakataren ma'aikata, daga baya kuma ministan aikin gona a 1984. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Zariya a 1964. Babban aikin wannan zamani shi ne gangamin kawar da bushiya da aka sani da JP15, wanda aka tsara a wani taro a Kano a 1961, aka fara shi a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru lokaci guda, domin shanu ba su san iyakar ƙasa ba. Sabuwar allurar da Walter Plowright ya samar, wanda ya taɓa aiki a Vom kafin ya koma Kenya, ba ta kwantar da dabba kuma sau ɗaya ta isa, sai dai tana buƙatar sanyi tun daga ɗakin gwaje-gwaje har zuwa bakin shinge. Ana tara shanu a wani dogon shinge na itace su bi ɗaya bayan ɗaya, mai allura ya soka, na bayansa ya huda kunne don shaida. Wannan ne lokacin da likita da malamin dabbobi da hakimi da arɗo suka yi aiki a layi ɗaya, kowa da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi, kuma shi ne mafi nasarar aikin dabbobi da ƙasar ta gani. Da aka yi sakaci da yi wa sababbin maruƙa allura, cutar ta dawo da ƙarfi a 1983 ta kashe shanu dubban ɗaruruwa, aka sake sabon gangami, har a 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. A tsakanin nan gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, makiyaya suka kafa ƙungiyar Miyetti Allah a farkon shekarun 1970, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta sanar da soke haraji da jangali a jihar Kano a 1979.

Duk wannan tarihi na cuta ne da haraji da fata. Nazarin halayyar dabba a matsayin fannin ilimi, wato binciken abin da take so da abin da take tsoro da yadda take zama da 'yan'uwanta, ya bunƙasa ne a Turai a tsakiyar ƙarni na 20, har masana uku, Konrad Lorenz da Niko Tinbergen da Karl von Frisch, suka samu kyautar Nobel a 1973. Kafin nan, a 1965, wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell, masanin halittar dabbobi, ya fitar da rahoton da daga baya aka gina ma'aunin walwalar dabba a kansa: kada ta zauna da yunwa da ƙishirwa, ko takura, ko ciwo, ko tsoro, kuma a bar ta ta yi abin da ɗabi'arta ta gada. A shekarun 1970 masana biyu daga Jami'ar Kalifoniya, Dale Lott da Benjamin Hart, suka zo arewacin Nijeriya suka nazarci yadda Fulani suke sarrafa shanu, suka bayyana cewa makiyayi yana shiga tsarin garken ne ya zama jagoransa kuma mafi rinjaye a cikinsa, yana shafa saniya a wuraren da uwa take lasar ɗanta, shi ya sa yaro da sanda ɗaya yake iya tafiyar da manyan bijimai ba shinge ba kare. Abin da ake koyarwa a jami'a a wannan fanni, wani ɓangarensa daga bakin dangwali aka ɗauko shi.

Duk da haka, a nan ne giɓin ya fi girma. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod kuma ya fara aiki a 1960, ya haramta dukan dabba da azabtar da ita da ɗora mata kaya fiye da ƙima, amma ba kasafai ake jin an kai wani gaban alƙali a kan haka ba. Shanun da a da ake kora a ƙafa ko a loda a jirgin ƙasa yanzu a tirela suke tafiya, daga Wudil zuwa Legas, tafiyar kilomita 1,000 da ɗoriya, a cunkushe, an ɗaure ƙaho da ƙafa, sau da yawa ba ruwa ba ciyawa sai an isa. Wanda yake yanke hukuncin yawan da za a zuba a mota shi ne mai kaya da direba da 'yan lodi, ba kuma wanda ya taɓa kiran su ya tattauna da su kan asarar da rauni da mutuwa a hanya suke jawo wa mai dukiyar kansa. Jaki ma, wanda da akumari da mangala ya ɗauki taki da yashi da amfanin gonar yankin shekara da shekaru, ya yi tsada ya yi ƙaranci saboda cinikin fatarsa zuwa Sin, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka shi don fata a watan Fabrairu na 2024.

A yau masu jagorancin harkar daga fannoni da yawa suke. Akwai likitocin dabbobi, akwai masana kimiyyar kiwo da suka samu cibiyarsu ta ƙasa bisa dokar 2007, kuma da gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, an sa Farfesa Attahiru Jega, masanin kimiyyar siyasa, cikin shugabannin kwamitin gyaran fannin, ministan farko kuma shi ne Idi Mukhtar Maiha, tsohon shugaban matatar man Kaduna mai gonar kiwo. Wannan ya nuna cewa hukuma tana kallon dabba yanzu ta fuskar tattalin arziki da sasanta manomi da makiyayi, kuma dalili ne mai ƙarfi. A 2024 ɗin ce kuma aka sake tsara masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Sai dai tun daga Ibo har zuwa yau akwai waɗanda ba a taɓa ba su kujera ba, kuma mafi yawansu mata ne, domin awaki da tumaki da kajin da ke cikin gidajen Ajingi galibi nasu ne, su suke jiƙa dusa, su suke ajiye harawa, su suke fara ganin majina a hancin akuya. A 2015 aka ƙaddamar da shiri a Abijan na kawar da annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya, daga duniya kafin 2030, amma mai allura namiji ba ya wuce zaure sai da izini. Ya kamata masarautar Gaya da ƙananan hukumominta, duk lokacin da za su kafa kwamiti a kan dabbobi, su zaunar da arɗo da Sarkin Pawa da shugaban 'yan lodi da mai shanun huɗa kusa da likita, su kuma horar da 'yan matan yankin aikin allura don su shiga inda awakin suke.